Bitar Bently Nevada 3500: Yana Gadin Shaf ɗin Turbin, Amma Yana Hango Karyewarsa?

Duk wanda ya yi aikin siyana, wato kula da injuna da gyaransu, a tashar wuta ko matatar mai a Jubail, Yanbu ko Rabig na Saudiyya ya san akwatin nan mai auna jijjigar inji, ya kashe shi in ta wuce iyaka. Ka buɗe ƙofar kabad a ɗakin kula da inji, ka tarar da shi a kafe, faɗinsa inci 19, katuna a jere kamar littattafai a kanta, kowanne da 'yar koriyar fitilarsa. Idan aka tambayi mudir me ke tsare shaf ɗin turbin, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyarsa, amsa ɗaya ce: "Ai muna da Bently." Sai a rufe zance. Wannan bita an yi ta ne don 'yan uwa muhandisai da masu aikin hannu da ke waɗannan tashoshi, da na Sudan da suka yi aiki a Garri ko Kosti, domin a tantance inda wannan amsa ta isa da inda ta gaza.

Kamfanin ya samo suna daga Donald Bently, mazaunin kamfanin kuma garin Minden ne a jihar Nebada ta Amurka. GE ta saye shi a 2002, yau kuma yana ƙarƙashin Baker Hughes. Samfurin 3500 ya daɗe a kasuwa, har kamfanin ya fito da magajinsa, Orbit 60, amma 3500 ɗin ne har yanzu ya cika kabad-kabad. An gina shi ne a kan ƙa'idar API 670 ta cibiyar man fetur ta Amurka, wadda kamfanonin mai suke sharɗantawa ga duk na'urar kare inji mai juyawa.

Kafin a yi masa hukunci, sai a san abin da yake gadi.

Wutar Saudiyya 60 Hz ce, saboda haka janareto mai fol biyu, wato kawunan maganaɗisu biyu, yana juyi 3,600 a minti. A Sudan, kamar Najeriya da Nijar, 50 Hz ce, juyi 3,000. Shaf ɗin da ke kwance a kan biyarin biyu, wato matokaran da yake juyawa a cikinsu, nauyinsa na lanƙwasa shi ƙasa, kuma a kowane juyi gefen da yake a miƙe ya koma a matse, na matse ya koma a miƙe. A juyi 3,600 a minti, hakan na faruwa sau 5,184,000 a rana guda. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya ga gajiyar ƙarfe da idonsa. Lafiyayyen shaf yana jure wannan shekaru da yawa, domin an ƙera shi ne ƙasa da haddin gajiyarsa. Sai dai a samu wurin da nauyi ya taru: kusurwar ramin makulli, lungun da kauri ya canza ba tare da an yi masa isasshiyar lanƙwasa mai santsi ba, ƙarƙashin faifan da aka zura da zafi inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ko ɗan ramin da tsatsa ta ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a gaɓar Tekun Fasha da Bahar Maliya gishirin iska da na tururi ba sa rasa aikin yi. Ƙara da yawan tayarwa da kashewa, inda fatar shaf ke yin zafi kafin cikinsa, da karkacewar saiti tsakanin turbin da janareto. Daga nan tsaga ke farawa, tana tafiya a hankali watanni, sannan a kwanakin ƙarshe ta yi sauri.

Idon na'urar

Akwatin kansa makaho ne. Idonsa shi ne furob na 3300 XL mai kai milimita 8, wanda ake kafawa kusa da biyarin yana kallon shaf ba tare da ya taɓa shi ba. A cikin kansa akwai naɗin siririyar waya da ke fitar da filin maganaɗisu mai saurin kaɗawa. Ƙarfen shaf na shanye wani ɓangare na wannan ƙarfi, kuma gwargwadon kusancinsa gwargwadon abin da yake sha. Ƙaramin akwati mai suna Proximitor, wanda ake ba wa -24 V, shi ke mayar da wannan zuwa awo: 7.87 V ga kowace milimita. Ke nan jijjigar maikuron 100 (maikuron dubu ne milimita ɗaya) tana fitowa a matsayin 0.787 V. Awon nasa sahihi ne a tazarar kusan milimita 2, daga 0.25 zuwa wajen 2.3.

A wannan ɓangare babu abin kushewa. Furob ɗin na jure mai da zafi har maki 177 na Salshiyas, kuma idan aka kafa shi daidai yakan kai daga babbar siyana zuwa wata ba tare da ya motsa ba. Matsalar tana wajen kafawar, kuma kurakuran iri ɗaya ne a kusan kowace warsha.

Ga yadda ya kamata a yi. Kowane biyarin furob biyu, tsakaninsu kusurwa 90, yawanci ɗaya digiri 45 hagu da sama, ɗaya 45 dama. A haɗa mita a bakin fitar Proximitor, a riƙa murɗa furob ɗin ciki a hankali. Da farko mitar za ta nuna kusan cikakken ƙarfin da aka ba shi, domin bai ga komai ba. Da ya fara ganin ƙarfe lambar za ta fara sauka. A tsaya a wajen -9 V, wato tazarar kusan milimita 1.27, tsakiyar awonsa. Wasu tashoshi na tsayawa a -10 V, ba laifi, muddin an rubuta. Sai a ɗaure noti ido na kan mita, domin ɗaurin kansa yakan ja furob ɗin ya canza awo. Akwai tarko guda a nan: idan ana zura furob ta cikin rami mai zare, yana iya ganin bangon ramin ya ba da -9 V alhali bai ko leƙo shaf ba. Maganinsa a ci gaba da murɗawa a ga ko lambar za ta sake hawa, ko a ɗan motsa shaf a ga ko mita ta amsa.

Kuskure na biyu na igiya ne. Furob, igiyar ƙari da Proximitor jiki ɗaya ne, an daidaita su a kan tsawon mita 5 ko mita 9. Furob mai mita 1 da ƙari mai mita 4 sun ba da 5. Idan muƙawil ya ɗauko ƙari mai mita 8 daga sito ya haɗa da Proximitor na mita 5, fitila za ta iya zama koriya, allo zai nuna lamba, amma lambar ƙarya ce. Ba a yanke igiyar don ta yi tsawo, ba a kuma ƙara ta da haɗi. A naɗe rarar a cikin akwatin haɗi. Mahaɗar tsakiya kuma a rufe ta da rigarta ta roba, don in ta taɓa jikin inji ko mai ya shige ta sai hayaniya ta cika siginar.

Na uku, ƙarfen da furob ke kallo. Daga masana'anta an daidaita shi ne a kan ƙarfe samfurin AISI 4140. Shaf na wani ƙarfen daban, ko wanda aka yi wa rufin kurom a wurin gyara, ba zai ba da 7.87 V ba. Haka kuma duk ƙarzuwa, tsatsa ko ragowar maganaɗisu a layin da furob ke kallo, yana karanta su a matsayin jijjiga. Ƙarzuwar maikuron 25, wadda farce da ƙyar zai ji, ta isa ta sa allo ya yi ta tsalle a kowane juyi. Shi ya sa ƙa'idojin API ke neman kada wannan ƙaryar awo ta wuce kashi 25 cikin ɗari na jijjigar da aka halatta, ko maikuron 6, duk wanda ya fi yawa. Bayan an yi wa shaf gwajin gano tsaga da garin maganaɗisu dole a cire masa maganaɗisun kafin a mayar, kuma lokacin ɗagawa a naɗe layin furob da tef, kada igiyar injin ɗaga kaya ta bi ta kansa.

Abin da akwatin ya iya

Kati 3500/42M shi ne jigon aikin: tashoshin awo huɗu, wato biyarin biyu. 3500/25 na karɓar siginar Keyphasor, furob ɗin da ke kallon ɗan rami guda a jikin shaf ya ba da alama sau ɗaya a kowane juyi. 3500/22M ke haɗa akwatin da kwamfuta, 3500/32 ko 3500/33 ke ɗauke da rilen da ke kashe inji, 3500/15 ke ba da wuta kuma akwai gurbin biyu, in ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe. A sayi biyun. Rowar wannan ba ta da ma'ana a kan injin da tsayuwarsa ta yini guda ta fi kuɗin akwatin gaba ɗaya.

Wajen kariya ta gaggawa, na'urar ta cika alƙawarinta. Idan ruwan fanka ya tsinke, ko biyarin turi ya narke shaf ya fara zamewa ta tsawonsa, za ta kashe inji cikin daƙiƙoƙi. Tana kuma bambance mutuwar furob da haɗarin gaske: idan waya ta katse, awon ya fita daga haddinsa, tashar ta nuna ba ta da lafiya maimakon ta kashe inji a banza. Kowane kati yana da bakin fita a gabansa inda mai bincike zai soka na'urarsa ya ɗauki ɗanyar sigina inji na aiki, ba tare da ya taɓa kariyar ba. Wannan ƙaramin abu ne da ya fi abubuwa da yawa amfani.

Amma kashe inji bayan jijjiga ta kai maƙura ba hangen nesa ba ne. Game da tsagar shaf, sau da yawa ihu ne bayan hari.

Inda yawancin tashoshi ke barin kuɗinsu a ƙasa

A mafi yawan wurare abin da aka sa wa ƙararrawa lamba ɗaya ce, jimillar jijjiga. Ƙa'idar ISO 20816-2 ta sanya iyakar da manyan turbin za su yi ta aiki ba fargaba a maikuron 150 ga juyi 3,600, da 165 ga juyi 3,000. Ma'aikacin dare ya duba allo ya ga 40, ya rubuta lafiya lau. Tsaga ba ta damu da wannan lambar ba.

Shaf ɗin da ya tsage yana lanƙwashewa ta gefen tsagar, kuma wannan lanƙwasa tana haɗuwa da rashin balas ɗin da yake da shi tun asali. In sun fuskanci gefe ɗaya jijjiga ta hau. In sun yi hannun riga jijjiga ta sauka, har a yi murna inji ya gyaru da kansa. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne kusurwa. A ɗauki misali: jijjigar sau ɗaya a juyi, wadda ake rubutawa 1X, tana maikuron 40 a digiri 120. Bayan makonni shida, a kan kaya iri ɗaya da zafin mai iri ɗaya, tana nan 40 amma a digiri 210. A allo babu abin da ya canza. A zanen da'ira kuwa, inda ake nuna girma da kusurwa da ɗigo ɗaya, ɗigon ya yi tafiyar maikuron 57. ISO ɗin nan ta ce duk canjin da ya wuce rubu'in waccan iyaka, wato wajen maikuron 38 a juyi 3,600, a bincike shi ko da jimillar tana ƙasa. Injin da ke nuna 40 yana iya zama cikin haɗari fiye da wanda ya shekara biyar a kan 90 bai motsa ba.

Kati 3500/42M yana lissafa girman 1X da kusurwarsa, da na 2X, wato jijjigar sau biyu a juyi, kuma ana iya zana wa ɗigon shinge a sa ƙararrawa in ya fita. Kuɗin wannan an riga an biya shi. Amma ba ya aiki sai da Keyphasor, kuma sai wani ya zauna ya tattara awon inji lokacin da yake lafiya ya zana shingen. Wannan zaman ne ba a yi.

Alama ta biyu tana fitowa ne wajen tashi da sauka. Tsaga takan sa shaf ya fi tauri ta gefe ɗaya, saboda haka nauyinsa na girgiza shi sau biyu a kowane juyi. Idan gudun kiritikal na farko, wato gudun da ya yi daidai da amon shaf ɗin kansa, yana juyi 1,400, to a rabinsa, wajen 700, 2X zai yi tozo. Tozon da babu shi bara ya bayyana bana, ko yana girma daga sauka zuwa sauka, dalili ne na a ƙi sake tayar da inji sai an buɗe. A kula, karkacewar saiti ma tana kawo 2X, haka rotar janareto mai fol biyu tana da nata tun daga ƙira. Abin dubawa canji ne, ba samuwar 2X ɗin ba. Kuma ba kowace tsaga ce ke nuna shi ba, don haka rashinsa ba shedar lafiya ba ne.

Ta uku ita ce awon juyin sanyi, wanda ake ɗauka lokacin da shaf ke juyawa a hankali, 'yan ɗaruruwa a minti, inda babu jijjigar gaske sai lanƙwasa da ƙaryar awo. Al'ada ce a cire wannan daga awon cikakken gudu don a ga zahiri. Haɗarin shi ne mai bincike ya riƙa ɗaukar sabo a kowace tayarwa yana goge tsohon. Wanda ya yi haka ya share sawun ɓarawo da hannunsa, domin canjin wannan awon daga shekara zuwa shekara shi ne lanƙwasar da tsaga ke haifarwa. A ajiye na farko, a ɗauki sabo inji na da zafi yana sauka, a gwada su.

Duk waɗannan suna buƙatar tarihi, kuma akwatin shi kaɗai ba ma'ajiyar tarihi ba ne. Sai an haɗa shi da manhajar System 1, wadda lasisinta daban, sabarta daban. Tura lambobi ta Modbus zuwa allon ɗakin kula, ta kati 3500/92, yana ba da jimilla amma ba ya ba da siffar kaɗawar siginar, kuma saurinsa bai isa ya kama abin da ke faruwa a minti biyu na saukar inji ba. Wannan ne babban aibin cinikin: rabin amfanin na'urar yana bayan wata ƙofa da sai an sake biya.

Makantar da ba ta da magani a cikin akwatin

Furob na gefe yana ganin shaf ya matso ko ya ja baya. Ba ya ganin murɗiya. Shaf na iya murɗewa gaba da baya kamar ana matse wanki, allo na nuna lafiya. Abin da ya faru ke nan a tashar Mohabe, a jihar Nebada ɗin da ake ƙera wannan na'ura, inda shaf ya lalace sau biyu, 1970 da 1971, saboda kafasitocin da aka jera a dogon layin wuta sun yi amo ɗaya da murɗiyar shaf. Haɗa janareto da layi ba a kan daidai ba, gajeren haɗi kusa da tasha, da rashin daidaiton fes uku wanda ke bugun rota a ninki biyu na mitar layi, 120 Hz a Saudiyya, duk suna cin ran shaf ta wannan hanya. Wanda injinsa ke kan dogon layi, ko yake tuƙa kwamfaresa ta motar lantarki mai canjin gudu, yana buƙatar awon murɗiya na daban: furob a kan haƙoran giya a wurare biyu, ko ma'aunin miƙewa da aka manna a jikin shaf. Kada a bari dillali ya ce 3500 na yau da kullum ya rufe wannan.

Haka nan turbin da aka samo daga injin jirgi, irin LM2500 da LM6000, boris suke amfani da shi ba biyarin mai ba, kuma da ma'aunin girgiza na jikin inji ake sa musu ido, ta kati 3500/44M. A can garin ƙarfe a cikin mai yakan riga jijjiga magana, don haka toshen maganaɗisu da gwajin mai ba abin wasa ba ne.

Idan kuma shaf ko kofulin, wato mahaɗin shaf biyu, ya riga ya rabu, turbin ya rasa kayan da ke riƙe shi, gudunsa na hawa cikin ƙiftawar ido. Duniya ta ga haka ranar 4 ga Nuwamba 2010, a jirgin Qantas samfurin A380 da ya tashi daga Singafo: bututun mai ya tsage a injin Trent 900, wuta ta kama, faifan turbin ya rabu da abin da yake tuƙawa, ya wuce gudunsa ya tarwatse. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. A injinan ƙasa kariyar wuce gudu takan kashe a wajen kashi 110 cikin ɗari, da furob uku, biyu su yarda kafin a kashe. Tsofaffin akwatuna da yawa na ɗauke da katunan 3500/53 don wannan aiki. Ko da wane iri ne, ya zama hanyarsa daban da ta jijjiga, kuma a riƙa gwada bawul ɗin da zai rufe, don sigina ba ta da amfani in bawul ya ci tsatsa ya maƙale. Gwajin kansa a yi shi da hattara: a gwajin wuce gudu ne turbin ya tarwatse a Hinkley Point A ta Ingila a 1969, haka a Duvha ta Afirka ta Kudu a 2011.

Zafi, ƙura, kayan gyara

A ɗaki mai iyakwandishan akwatin ba ya ba da wahala. Masu shan wuya su ne akwatunan haɗi da ke jikin inji, inda zafin bazara mai kusantar maki 50 ke haɗuwa da na turbin, iskar shamal mai tasowa daga arewa kuma ta cusa ƙura ta duk inda roba ta saki. A gaɓar teku raɓa na taruwa a cikinsu da dare. A duba robar ƙofa da ramin zubar ruwa a kowace siyana, a kuma gwada kowane furob da na'urar gwaji ta TK-3, a zana awonsa daki-daki a ga ko har yanzu yana kan 7.87 V.

Farashi ya danganta da yawan katuna, kuma ba mai araha ba ne. Kasuwar intanet cike take da katunan da aka ciro daga rusassun tashoshi, da na jabu. Ga wanda ke Dammam ko Zahran, inda kamfanin ke da ofis, babu uzurin sa katin da ba a san asalinsa ba a kan kariyar inji. A Sudan, inda yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya dagula shigo da kaya, lalura na iya tilastawa. In haka ne, a gwada katin a kan tebur da siginar da aka sani, a tabbatar rile na faɗuwa a inda aka sa shi, kafin ya shiga akwati.

Akwai abokan gasa da suka cika API 670: AMS 6500 na Emerson, VM600 na Vibro-Meter, VC-8000 na Brüel & Kjær Vibro. Ba su gaza shi a awo ba. Abin da 3500 ya fi su a wannan yanki shi ne yawan hannayen da suka san shi. Ƙarfe biyun dare in ƙararrawa ta tashi, samun wanda ya iya buɗe manhajar saitinsa ba wuya ba ne.

Ga mai sabon aiki, ya nemi farashin Orbit 60 tare da na 3500 ya gwada, don injin zai yi shekaru fiye da yadda tsohon samfuri zai ci gaba da samun kaya cikin sauƙi. Ga mai 3500 a kabad, kada ya cire shi. Ya duba ko Keyphasor na aiki, da na ajiya a gefensa. Ya sa a kunna ƙararrawar 1X da 2X, ya tabbatar ana ɗaukar kowace tashi da sauka, ya ware muhandis ɗaya da zai duba zanen da'ira kowane mako. A babbar siyana kuma, ko zanen ya nuna wani abu ko bai nuna ba, a bi ramukan makulli da lungunan shaf da garin maganaɗisu ko jan ruwan gano tsaga, ƙarƙashin faifai da cikin ramin tsakiya kuma a bi su da na'urar sauti, a rubuta sakamakon a fayil ɗaya da awon juyin sanyi na farko.